Gas ɗin Sanoussi

"Haɗin nan ko makaho zai yi shi," in ji Abduljalil, yana tauna goro a ƙofar shagonsa na unguwar Titirou a garin Parakou. Ya faɗa a kasuwa, ya faɗa a rediyo, har ya ƙara da cewa Sanoussin Djougou ɓarawon iska ne.

Shi kuwa Sanoussi shekaru ya yi yana gwaji, gas ya ƙone masa yatsu, kafin ya dace da haɗin gas ɗin da ke cin kurom, wato farin rufin ƙarfe mai sheƙi. A rufe salansar babur a akwati, a saki gas, a ba da wuta, sai zane ya fito tsaf. Ya nemi takardar mallaka. Doka kuma ta ce in abu ne da kowane mai sana'a zai iya ganowa, babu takarda.

Nan Abduljalil ya shigar da ƙara don a hana shi takardar. Bai taɓa ganin Sanoussi ba, amma ya kwashe masa rabin masu zem, wato 'yan acaɓa, na Parakou da irin zanen. Abin da bai faɗa a rediyo ba, duk Laraba wani mai babur ke kawo masa tukunyar gas a cike, wai daga shagon Sanoussi ake satowa. Mutumin ba ya cire hular kwano, ba ya cire safar hannu, komai zafi. Abduljalil bai taɓa damuwa da koyon haɗin ba. Wa zai haƙa rijiya ga famfo a ɗaki?

Kotu ta ce ya zo ya haɗa a gaban jama'a. Ranar gwaji a garin Djougou, alƙali da maƙera da masu walda suka cika rumfa. Kujerar Sanoussi kaɗai ce babu kowa.

"Tsoro ya ji," in ji Abduljalil. Ya ɗora tukunyar da aka kawo masa jiya, ya ce haɗin hannunsa ne.

Aka rufe akwati, aka jira, aka buɗe. Salansa fes, babu ko ɗigon zane, har ya ga fuskarsa a ciki. Wani mai faci ya shinshina bakin tukunyar.

"Alhaji, ai wannan iskar taya ce."

Ana cikin dariya mai hular kwano ya shigo. Abduljalil ya cafke masa riga.

"Ga macucin! Shekara guda yana sato mini na gaske, sai yau!"

Mutumin ya zare safar a hankali, yatsu duk tabon ƙuna. Alƙali ya nuna masa kujerar.

"Zauna, Malam Sanoussi. Kai muke jira."