Ja a Dama, Shuɗi a Hagu

Loretta ta turo Dakta Whitlock a keken marasa lafiya cikin asibitin, dusar ƙanƙara na narkewa a kafaɗarta. Ba ta tambayi kowa hanya ba. Ta wuce wajen karɓar magani, ta karya hagu, sai ga ɗakin gwajin.

Tun kaka take yi masa aiki a gidansa da ke Cleveland. Ita ce wanka, ita ce girki, ita ce yankan farce. Rasuwar matarsa ce ta jefa shi cikin ciwon damuwa, ba ci ba barci. Ƙwayoyin da aka gwada masa sun mai da shi kamar kututture. Abin da ya ƙwallafa rai a kai shi ne jinyar zantawa, inda gwani zai zauna da kai duk mako ya saurare ka. To amma gurbin kaɗan ne, sai wanda ya ci gwajin kunne ake ba.

Gwajin ba wuya. A sa maka abin ji a kunnuwa biyu, a sako kalma daban-daban a kowanne lokaci guda, ka faɗi wadda ka ji. In kunnen dama ya fi kamawa, sai su ce ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ne ke jan ragama, zantawa za ta karɓe ka. In na hagu ne, sai ƙwaya.

"Ni na kawo gwajin nan asibitin nan," in ji tsohon, "tun yaran nan ba su iya ɗaura takalmi ba."

"Ka faɗa mini, Likita. Ko da safen nan ka faɗa, kofi na ɗiga a gemunka."

Ya ɗan murmusa. Rabonsa da murmushi har ta manta.

Shawna, yarinyar da ke gwajin, ta shigo da abin jin a hannu, ɓari ɗaya ja, ɗaya shuɗi, wayarta na ta ruri. "Anti, taimaka ki sa masa. Ja a dama, shuɗi a hagu."

"Na sani, 'yar nan. Je ki."

Loretta ta zagaya bayansa ta ɗora masa. Ɗakin da sanyi, sai ta ciro wata tsohuwar hular ulu daga jakarta, irin ta samari, ta ja masa ita har wuya, ta rufe komai ruf.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Ban san yadda zan yi ba in babu ke."

Ta koma bayan gilashi ta tsaya, ta riƙe jakar gam. Tana kallon leɓensa yana kamo kalmomi ɗaya bayan ɗaya, cike da yarda da kansa. Ta saci kallon Shawna. In yarinyar ta leƙa ƙarƙashin hular fa? Ba ta leƙa ba. Ana gamawa Loretta ta riga ta shiga, ta zare hula da abin ji a tare.

Shawna ta daɗe tana duban allo. "Yi haƙuri, Likita. Na hagu ne ya rinjaya, da nisa ma."

"Ba zai yiwu ba. Duk rayuwata da magana na ci abinci." Ya dubi Shawna. "A sake."

"Ba a sakewa. Kai ka kafa dokar."

A baranda ya kamo hannun Loretta. "Ni fa ba wani abu nake nema ba. Wanda zai saurare ni kawai."

Ta gyara masa bargo a hankali, ta sunkuya daidai kunnensa na dama, wanda ta ɗora wa shuɗi da gangan maimakon ja.

"Kunne ba ya ƙarya, sai haƙuri," ta ce, kalma bayan kalma kamar yadda shi ya gaya mata shekarun baya a wannan barandar, ranar da ɗanta Darnell, mai hular nan, ya yi masa wannan roƙon, ana saura damina ɗaya su binne shi.