Hular Hannun Hagu

Mis Odessa ce ta jera hulunan a kan tebur da hannunta: ja, fara, koriya. Ta juya gabansu wajen jama'a da kyamarori, ƙeyarsu wajen kujerar ɗanta, kamar yadda aka saba. Koci Pickett yana tsaye a bakin ƙofar zauren wasannin makarantar, hannu cikin aljihu, fuskarsa kamar ta ɗan zaman makoki.

Shekara talatin da ɗaya yana koya wa 'yan sakandare ƙwallon kwalkwali, wato ƙwallon Amurka da ake jifa da hannu, a wannan lungu na jihar Jojiya, bai taɓa samun mai jifa irin Tavion Mabry, ɗan Odessa, ba. Sau ɗaya tak ya ga yaron ya yi abin kunya, ranar da aka kawo sababbin rigunan atisaye kala biyu, ya miƙa wa abokan karawa ƙwallo har sau huɗu. Aka ce mura ce, aka wuce wurin.

Jami'a arba'in suka neme shi. Kociyoyinsu suka yi ta sintiri gidan Odessa suna cin soyayyar kaza da dafaffen ganye, kowa yana rantsuwa bai taɓa cin irinsa ba, har da wanda ya bar rabi a faranti.

A ƙarshe uku suka rage, kowacce da hularta; wadda ya ɗora a ka ranar bikin zaɓe, can zai tafi. Farar cikon tebur ce kawai. Jar ta babbar jami'a ce, mil ɗari tara daga nan, wadda duk shekara take tura yara gasar ƙwararru. Koriyar kuwa ta 'yar ƙaramar nan ce da ke ƙetaren gada, tafiyar minti ashirin, wadda ko 'yan garin ba sa cika filinta.

Kwana uku kafin bikin Tavion ya sami Pickett a ofis.

"Koriyar zan ɗauka, Koci."

"Kanka ɗaya kuwa?"

"Litinin, Laraba da Juma'a Mama na wankin ƙoda. Wa zai kai ta?"

"Cocinku na da mota. Ƙanwarta na da lasisin tuƙi. Ni ma ba gurgu ba ne."

"Na riga na yanke."

Pickett bai zame ko'ina ba sai gidan Odessa. Ya tarar tana goge rigar da yaron zai sa ranar bikin. Ya yi bayani har bakinsa ya bushe, ita kuwa ko dutsen gugar ba ta ajiye ba.

"Yaro ya girma, Koci," ta ce. "Hannunsa ne zai ɗauka, ba nawa ba."

Ya fito ransa a ɓace. Ya girma? Ƙato ɗan shekara sha takwas, amma har yau ita ke fitar masa da kayan sawa kowace safiya, riga, wando, har safa. Abokansa sun yi tsokanar har sun gaji. Ko tumatir ba ta aikensa saye. Pickett ya gama yanke hukunci: matar nan ta ɗaure ɗanta a gefen zaninta, kuma da shi za ta tsufa. Abin ya yi masa ciwo, don ya san irin hannun nan ba ya zuwa gari sau biyu.

Ranar bikin, ƙarfe goma na safe, zaure ya cika. Shugaban makaranta ya yi dogon jawabi, fasto ya yi wanda ya fi shi tsawo. Tavion dai ba mai magana ba ne. Tun farko ya gaya wa 'yan talabijin ba zai ce komai ba, hula za ta yi bayani.

Ya zauna, uwarsa a gefensa. Ya sunkuya ya raɗa mata wani abu. Ba ta ko dube shi ba, ta ɗan taɓa bayan hannunsa na hagu.

Ya miƙa hagun, ya kamo hular ta ƙeya, ya kifa a ka bai juyo da ita ba.

Ja ce.

Zauren ya kaure. Masu ganga suka saki kiɗa, yara suka hau kujeru suna kiran sunan babbar jami'ar. Tavion ya fara murmushi, sai murmushin ya tsaya a hanya. Ya saurari sunan da ake kira. Ya dubi uwarsa. Ita tana tafi a natse, tana kallon kyamara.

Ta turo masa takardar shiga babbar jami'ar. Wanda bai kai ashirin da ɗaya ba sai da sa hannun iyaye, nata kuwa yana nan a ƙasa, tawada ta daɗe da bushewa.

"Sa hannu, Tay. Mutane na jira."

A garin nan hular da ka ɗora a gaban jama'a ba ta sauka, balle ƙasa duka na kallo. Ya daɗe riƙe da biron. Daga baya ya rubuta sunansa, harafi bayan harafi.

Da aka watse Pickett ya iske Odessa ita kaɗai a bakin tebur, tana tura koriyar hular cikin jakarta. Kunya ta kama shi kan zargin da ya yi mata.

"Mis Odessa, Allah ya taimake mu yaron nan ya canza ra'ayi."

"Bai canza ba."

Ta zuge jakar, ta dafa tebur ta miƙe a hankali.

"Zai yi wata guda ba ya min magana. Wanda ya iya da injin wankin ƙoda zai iya da wannan." Ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Maganar nan ta tsaya tsakaninmu, Koci. Tun yana ɗan shekara huɗu Tavion bai taɓa bambance ja da kore ba, sai dai ya tambaye ni."