Golar Madakiya

Minti goma ya rage a tashi, babu wanda ya ci. Roseline ta sake waiwayar 'yan kallo.

Shekarar 1978 ce, karon farko da aka sa wa mata kofin ƙwallo a Kafanchan, wasan ƙarshe tsakanin 'yan matan Reluwe, wato su Roseline, da matan Madakiya. To ga inda matsalar take: Madakiya garin Wilfred ne, saurayin da zai aure ta bayan Kirsimeti. In wani ya kai wa uwarsa labarin cewa amaryar ɗanta na tsalle da gajeren wando, ai auren ya mutu murus.

Sau ɗaya tak aka kai ta gaida matar. Ta durƙusa, kai a ƙasa yadda ake yi, har suka fito ba ta ɗago ba, gwaggon Wilfred ce ta yi duk maganar.

"Mama ba ta wasa fa," in ji Wilfred. "Kowace Asabar tana taron Zumuntar Mata a coci."

Yau kuwa Asabar, shi ya sa Roseline ta yi ƙarfin halin shiga fili.

Amma golar Madakiya ta hana ta sakat. Wata jibgegiyar mata ce, ta tamke ɗankwali har gira, ƙwallo na zuwa sai ta cafe ta kamar kaza.

"'Yar siririya, je ki ci tuwo ki dawo!" in ji golar.

Ran Roseline ya ɓaci. "Ke kuma tsohuwa, ki koma gida ki goya jikoki!"

Ana saura minti ɗaya aka bugo ƙwallo daga kwana. Roseline ta manta da aure, ta manta da kunya, ta tashi sama. Ƙwallo, gola da ɗankwali duk ta kwashe su ta zuba cikin raga. Golar ta kwanta wanwar, tana kiran sunan Yesu.

Fili ya kaure da guɗa. Cikin ƙurar murna sai Roseline ta hango Wilfred ya tsallake igiya a guje, takalmi ɗaya a hannu. Wayyo, ashe yana nan! Ganin ya nufo ta ba sanda ba zagi, daɗi ya kashe ta, ta buɗe hannu biyu.

Ya wuce ta fuu, ya zube gaban golar.

"Mama! Nan ne Zumuntar?"