Rigar Aro a Ofishin Lanho

"Wallahi, Alhaji, kamfanin nan na Turai wahalar banza nake yi musu," in ji Muktari, yana gyara yagaggiyar rigar da ya aro wurin mai gadin unguwarsu.

Dattijon da ke karɓar bayanin haraji a ofishin lanho na garin Tawa ya ɗago kai. "Kana yi musu zane daga ɗakinka, kuma ba su biyanka?"

"Abin da suke turowa ko fura ba ya saye. Sau ɗaya nake ci a wuni. Rigar nan ma ita ke nan gare ni."

Dattijo ya tambayi sunansa da na mahaifinsa, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya buga hatimi. "Allah shi buɗa, ɗana."

Muktari ya fito yana dariya, ya haye sabon motonsa da ya ɓoye a lungu. Yau ranar sa'a ce, don da la'asar kawunnansa za su nema masa auren Mansura. Ya daɗe yana zance a ƙofar gidansu, amma da ya ji tarin babanta sai ya ranta a na kare saboda kunyar suruki. Ko fuskarsa bai sani ba.

Kafin magariba Kawu Ɗahiru ya dawo, ya dire masa goron neman auren da suka kai a gabansa.

"Babanta yana gaishe ka. Ya ce ɗiyarsa sau uku take ci a wuni. In kuma ƙarya ka yi masa da safe, gobe yana ofis, ka zo da rigarka ta gaskiya."