Nauyin da Nehemiah Ke Ɗagawa

Wata uku ke nan Nehemiah yana ɗaga ƙarfe a tsakar gidansu da ke unguwar Jekadafari. Ya bar giya, ya koma ƙwai da wake, wai sinadarin ƙarfin maza yake ƙarawa.

Hankalin matarsa Juliana ya ƙi kwanciya. Ɗan shekara hamsin, wa yake yi wa wannan shiri?

Ta ja ƙafarta da ke yawan sagewa, ta binciki jakarsa. Babu hoton budurwa, sai takardar asibiti mai sunanta.

"Baban Joan, mene ne wannan?"

Ya ajiye ƙarfen a hankali.

"Ni likita ya faɗa wa. Kafin baɗi ƙafafunki za su daina ɗaukar ki. Kilo saba'in gare ki, ni kuwa har yanzu sittin nake iya ɗagawa."