Murhun Beryl

Ranar da aka gama kafa murhun, Beryl Ackroyd ta fi awa guda zaune tana kallonsa. Baƙin ƙarfe ne na zamanin kakanni, da zanen furanni gefe da gefe, daga gidan mahaifiyarta ta ɗauko shi. Da hannunta ta kankare tsatsar, ta goge shi har yana ɗaukar ido. Abin da ya rage kawai ta hura wuta ranar Asabar, gida ya ɗumama kafin 'yarta ta iso da jaririyarta. Har ta kafa gadon jaririyar a ɗakin sama.

Sai ga maƙwabcinta Clifford Holroyd a bakin ƙofa.

Gidajensu manne suke, bango ɗaya ya raba su, bututun hayaƙinsu ma a jere suke cikin gini ɗaya a kan rufi. Amma shekara shida ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su. Tun hunturun da ta tashi da ciwon kai kamar zai tsage, ta tarar da kyanwarta Biskit a sandare a ɗakin sama. Wa zai sa wa kyanwar guba in ba wanda kullum yake mitar tana tona masa furanni ba? Haka ta faɗa masa a gaban mutanen layi. Wasiƙun da ya riƙa zurowa ta ƙofa bayan nan ko buɗe su ba ta yi, kwandon shara suke wucewa.

"Misis Ackroyd, kada ki kunna wutar nan sai mai sharar bututu ya gwada da hayaƙi. Akwai..."

"Akwai me? Tsohon banza, ɗan baƙin ciki! Sauka daga matakalata."

"In kika kunna, hukuma zan kira miki."

Ta banko ƙofa har gilashin ya girgiza.

Kai, mutumin nan ya iya tsiya! Marowaci ne na ƙin ƙarawa. Kowa a layin ya san bututunsa ba ya hayaƙi. Ta taga ake hango shi a falo cikin kwat da hular sanyi, ya rungumi wani ɗan hita na lantarki da ko kofin shayi ba zai ɗumama ba. Shi bai ji ɗumi ba, kuma ya rantse wani ba zai ji ba.

Don dai ta toshe masa baki ta kira Tordoff mai sharar bututu. Ya zo ranar Juma'a da safe, ya share kunkunniya, sannan ya cinna wa wata 'yar ƙwayar hayaƙi wuta a cikin murhun, ya rufe bakinsa da allo. Suka fita titi suna kallon rufi. Hayaƙi ya fara fita ta bakin bututunta siriri. Can kuma sai na Holroyd ya ɗauka, ƙofarsa ta buɗe, ya fito yana tari yana share hawaye.

"Maganinka ke nan!" in ji Beryl, har da tafi.

Tordoff bai yi dariya ba. Ya nuna mata tagar ɗakinta na sama. Hayaƙi ya cika ɗakin fal, ko gadon jaririyar ba a gani.

Duk da haka bakinta bai mutu ba. "Shi ne! Shi ya fasa bangon, mugu!"

Tordoff ya shiga gidan Holroyd da tocila, ta bi bayansa don ta kama tsohon dumu-dumu. Sanyin falon ya doki fuskarta, ya fi na waje. Murhunsa irin nata ne, ya ma fi nata kyau. A gefe ga bokiti cike da gawayin kwal, ƙura ta lulluɓe shi.

Tordoff ya daɗe da kai a cikin bututun kafin ya fito da yanar gizo a gashinsa.

"Ba wanda ya fasa, uwargida. Bulon da ya raba bututun biyu ne ya zube, kuma ya daɗe. Ba ya gyaruwa sai an fasa ta gida biyun, da yardar kowa. Duk wanda ya hura wuta a cikinku, ɗakin nan naki na sama hayaƙin yake sauka. Iskar kwal kuwa ba a ganinta, ba a jin warinta, daga barci mutum yake wucewa." Ya juya wajen tsohon. "Baba, kai yaushe rabonka da kunna wuta a nan?"

Holroyd ya gyara hular sanyinsa da yatsun da suka kumbura, bai ko kalli Beryl ba.

"Tun safiyar da aka fito da kyanwar."