Tunkiya a Ƙofar Masaƙa

Wata tsohuwa ta dire ɗan rago a ƙofar wata masaƙa a Challawa, shuɗi shar tun daga kunne har kofato.

"Kai mai gadi, kira min mai wurin. Cikin ruwan rinin da kuke sako mana bayan gida ya faɗa. Na wanke da sabulu, na wanke da toka, uwarsa ta ce ba nata ba ne. Tun jiya bai sha nono ba. In ya mutu, kai zan ɗaure a turkensa."

"Iya, ku yi haƙuri, manaja yana mitin."

"Ni ma mitin ɗin na zo."

Ma'aikatan da suka tashi daga aikin safe suka kewaye ta suna ƙyaƙyata dariya. Uwar ɗan ragon, tunkiyar da tsohuwar ta jawo da igiya, ta firgita, ta fizge, sai tsundum cikin kwatar masaƙar.

Ta fito shuɗiya tana ɗiga. Ta shinshina ɗan, ta sake shinshinawa, ta tsaya cak. Ya cafki nono, wutsiya na rawa.

Tsohuwar ta rangaɗa guɗa. Sannan ta zare mayafinta, saƙarsu da wanki ɗaya ya koɗar, ta tsoma a kwatar.

"Ashe a nan rininku yake kamawa."